Ranar Da Babur Ɗin Baba Ya Tashi Da Bugu Ɗaya

Safiyar yanzu ba ta da ƙarar da na sani. In an idar da sallar asuba a unguwarmu nan Gwarzo, nakan zauna a dakalin ƙofar gida da carbina ina kallon samari suna fito da mashinansu. Yaro zai ɗora ƙafa, ya danna ɗan maɓalli da babban yatsa, injin ya yi ƙir ya kama, kafin ka gama amsa masa gaisuwa ya sha kwana. Mu a zamaninmu babur sai da lallashi. Ka buɗe mai, ka ja cok don man ya isa, ka taka kik, ƙarfen tayar da inji, a hankali sau biyu ya ɗan sha, sannan ka tattaro ƙarfinka ka buga. In ya ga dama ya amsa. In bai ga dama ba ya mayar maka da kik ɗin a ƙwauri, ka yi ta tsalle da ƙafa ɗaya, mata suna leƙe ta kan danga suna ƙunshe dariya. Kowane babur da irin tarinsa, daga kwance kana iya cewa ga na malamin makaranta can, ga na mai awon hatsi can, yau ma ya ƙi. A cikin wannan ɓata lokacin ne kuma ake ba da sallahu, a ce a sayo gishiri da kanwa, tsohuwa ta lallaɓo ta yi maka addu'ar hanya. Da gyaran babura na ci abinci har kaina ya yi fari, da hannun nan nawa na rage wa mutane da yawa wannan wahala, ba kuwa zan ce a koma mata ba. Amma akwai babur guda da har gobe nake cewa ina ma ban taɓa ɗora masa sifana ba, shi ne na mahaifina.

Mu asalinmu masu shanu ne. Kakana ne ya jingine sanda ya ɗauki fartanya a wani ƙauye ta wajen Jama'a, nan ƙasar Gwarzo, don haka Baba manomi ya tashi, sai dai zuciyarsa ba ta taɓa barin garke ba. 'Yan shanun da ya gada suna hannun ƙanensa, Baffa, can bayan Garo a ƙasar Kabo, inda ake da fadama da wurin kiwo. Duk mako sai ya je ya gan su. Babur ɗinsa baƙi ne, tsoho, fentin tankin ya koɗe daidai inda gwiwa take gogarsa, ga buzu a shimfiɗe a kan kujera. Yakan dawo da yamma da gorar nono ɗaure a baya, rigarsa tana warin hayaƙin ruga. Mu yara daga nesa muke gane ƙararsa, mu watsar da ɓarzar gyaɗa mu ruga mu tarye shi. In an ci tuwo sai ya miƙe ƙafa a kan tabarma yana ba mu labarin shanu kamar labarin dangi, wance ta haihu, wance ta rame, wane ya fara taurin kai. Inna takan ce tsakanin mu da shanun nan ba a san wanda ya fi shiga ransa ba, shi kuwa sai ya ce ai shanu ba sa mayar masa da magana.

Ni ne ɗan fari, kuma sai wanda ya tashi a irin gidajenmu na da zai san nauyin wannan kalma. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In ta gama tuwo sai ta ajiye kwano a bakin ɗaki ta ce, "Ga abinci nan in da mai ci." In na yi laifi kaji ne suke shan faɗan, ni kuma in tsinci rabona a ciki. Baba ma bai fi ta da yawa ba, iyakarsa "kai wannan", yana kallon wani wuri daban. Ba ƙi ba ne, kunya ce, su ma haka aka yi musu. Yanzu ina zaune surukata za ta ɗaga ɗanta na fari ta sumbace shi, ta kira sunansa har da kirari, ni ne ma nake sunkuyar da kai. Ban ce ta yi laifi ba. Da Inna ta iya rabin haka, wataƙila da ba ni da wannan labarin. Da na tasa, wan Inna, Kawu, wanda yake gyaran kekuna da babura a bakin kasuwar Gwarzo, shi ya ga hannuna yana son ƙarfe, ya kai ni Kano wajen wani ubangida in koyi aiki. Na yi shekaru a can, sai da salla nake leƙo gida in kwana biyu in koma. Shekarar ƙarshe ma ko da sallar ban zo ba, ina neman a yaye ni.

A wannan shekarar ce jiri ya fara kama Baba, ni ban sani ba. Jirin ba ya sallama, Baba yana tsaye sai ƙasa ta juya masa. Ya faɗi sau ɗaya a gona, ya faɗi sau ɗaya a sahun salla. Malamin asibiti ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya kuma ce ko kusa kada ya ƙara hawa babur, don in abin ya same shi a kan hanya sai yadda Allah Ya yi. To amma wa zai tsaya a gaban maigida ya ce masa kada ka hau abinka? Baba ya saurari malamin asibiti, ya kaɗe rigarsa, ya bar maganar a can. Aka ce to a riƙa goya shi, ya ce shi ba buhun dawa ba ne. Da Inna ta ga haka sai ta je wajen wanta ta yi masa kuka. Kawu ya karɓi babur ɗin da sunan zai wanke masa inji, ya dawo da shi da ciwo a ciki. Bai kashe shi ba, don ya san in ya mutu murus Baba zai gane. Ya dai bar shi yadda zai yi tari ya sa rai, amma ba zai kama ba sai an yi masa bugun da ƙafar tsoho ba za ta iya ba. Su biyu suka rufe maganar a tsakaninsu. Ni kuwa duk wanda ya zo Kano daga gida saƙon ɗaya ne, kowa lafiya, suna gaishe ka.

Na dawo ƙarshen damina, dawa ta fid da kai, raɓa tana jiƙa wando har gwiwa. Ubangidana ya yaye ni, ina da akwatin kayan aiki nawa na kaina, kaina kuwa ya fi akwatin girma. Washegari da sassafe na ji ƙarar da har yau takan faɗo mini ina tsakiyar salla. Baba ya turo babur daga zaure, ya kafa shi, ya shafa buzun, ya yi bismilla ya buga. Injin ya yi gurr ya yi shiru. Ya sake. Ya yi tari sau biyu kamar zai kama, ya fasa. Na ƙirga bugu takwas, kowanne bai kai wanda ya gabace shi ƙarfi ba. Daga nan ya dafa tanki yana haki, ya daɗe a haka, sannan ya tura shi ya mayar zaure ya ɗauki fartanya. A cikin gida Inna tana daka. Na lura tun bugun farko taɓaryarta ta tsaya, ba ta ci gaba ba sai da ta ji an jingine babur. Na ɗauka tausayinsa take ji. Ƙannena suka ce ai kullum haka ake yi, ko ruwa ake tsugawa sai ya gwada.

Kwana uku ina kallon wannan abu raina yana ɓaci. A ce gida da makaniki ɗan Kano, ubansa yana haki a kan babur kamar wanda bai haifa ba? Rana ta uku, bayan ya gaji, bai mayar da shi zaure ba. Ya tsaya yana kallon darbejiyar ƙofar gida.

"An ce ku a Kano har matacce kuna tayarwa."

Na durƙusa. "In dai na ƙarfe ne, Baba, da yardar Allah."

"To ga shi nan. Ƙafar ce ba ta da ƙarfin da. In da yadda za a yi ya riƙa jin maganar tsoho, a yi." Can ya ƙara da cewa, "Shekara guda ban ga shanuna ba. Baffanka yana zuwa yana ba ni labari, amma labari ba ya ƙosar da mai shanu."

Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba. Ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Na shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar na fara kwance injin. Ban yi nisa ba na fara ganin abin mamaki. An buɗe bakin fulogi ya yi faɗi, yadda wuta sai ta yi da gaske za ta tsallaka. Kwantak, ɗan ƙarfen nan da yake buɗewa yana rufewa yana aika wa fulogi wuta, an ja shi baya, wutar tana zuwa a makare. A kafireto kuma, inda mai da iska suke haɗuwa, an sassauta sukurun iska, mai ba ya isa. Kowanne kaɗan aka taɓa, tsaf, ba irin taɓawar mai kuskure ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, na kuwa san karin maganar sarai, amma abin da ya zo mini a rai kawai shi ne Kawu ya tsufa, aiki ya fi ƙarfin idonsa. Ina cikin haka na ji muryar Inna ta bayan danga tana watsa wa kaji tsaki. "Ku dai kajin nan ba ku da aiki sai tono. Ba duk abin da aka binne ake tonowa ba." Ta faɗa sau biyu, na biyun da ɗan ƙarfi. Ni da na girma ina tsintar faɗana a cikin na kaji, ranar nan kunnena ya toshe. Cewa na yi a raina tsohuwa tana tsoron kada in ɓata kayan mijinta.

Washegari na shiga Gwarzo neman mai walda da kuma gaskit, ɗan faifan nan da ake shimfiɗawa a mahaɗar inji, na biya ta rumfar Kawu. Akwai mutum huɗu ko biyar a kan benci suna jiran a yi musu faci. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi Kano, ya tambayi ubangidana, daga nan na kasa riƙe bakina.

"Kawu, wai wa ya yi wa babur ɗin Baba wannan aika-aika? Wuta a baya, mai a shaƙe. Ko ɗan koyo ai ba zai yi haka ba."

Ya ajiye tayar da ke hannunsa. "Wa ya sa ka buɗe shi?"

"Baba mana."

"Innarka ta sani?"

"Haba Kawu, ina ruwan Inna da kafireto?"

Na kan benci suka yi dariya, ni ma na taya su. Shi bai yi ba. Ya dube su, ya dube ni.

"Ɗan nan, tun ba ka san sifana ba nake ɗaure injin nan. Kana ganin yau ne zan manta inda wutarsa take?"

"Ai tsufa ba ya shawara, Kawu."

"Haka ne, ba ya yi. Ka dawo bayan la'asar in mutane sun watse, akwai magana. Kafin nan kada ka ɗaura komai."

Yanzu na gane ba zai iya tona ciwon surukinsa a gaban 'yan kasuwa ba, ga kuma amanar ƙanwarsa a wuyansa. A lokacin kuwa gani na yi kunya ce ta kama shi, yana son ya ba ni haƙuri a ɓoye. Na ce masa to. Na karɓi aikina wajen mai walda na kama hanyar gida, ban koma ba.

In don aiki ne, ban ƙara yin wanda ya fi na ranar nan kyau ba. Na goge kwantak har ya yi ƙyalli, na dawo da wutar daidai lokacinta. Na matse bakin fulogi, na wanke kafireto da fetur, na hura kowace ƙofa da bakina, na ɗaga allurarsa mataki ɗaya don ya sha mai sosai da sanyin safiya. Wannan duk kusan mayar da abu ne yadda yake. Dabarar da na zo da ita daga Kano ita ce ta ƙafa. Na ƙara gaskit na biyu a ƙarƙashin kan injin don matsin da ke ciki ya ragu, kik ya yi laushi ya daina mayarwa. Ƙarfen kik ɗin kuma na sa mai walda ya ƙara masa tsawon yatsa huɗu, yadda nauyin jiki kaɗai ya isa ya juya shi. Sannan na zauna na saita silo, wato bugun injin in babur yana tsaye, da kunne, ina murɗa sukuru kaɗan-kaɗan, har injin ya riƙa bugawa a hankali kamar numfashin mai barci, ba ya mutuwa ko an sake shi. Gab da magariba na kashe shi, na danna kik ɗin da tafin hannu kawai, ya kama. Na yi ta maimaitawa don duk ƙauyen su ji. A cikin gida ban ji motsin kowa ba. Tuwon ranar ma ba a ce ga abinci in da mai ci ba, ajiye shi kawai aka yi.

Da safe Baba ya fito da farar rigarsa, ba da kayan gona ba. Ya yi bismilla ya taka sau ɗaya, injin ya kama. Ya tsaya da ƙafa a kan kik yana saurare, sai na ga haƙoransa, abin da na manta rabon da in gani. Taɓarya ta tsaya a cikin gida. Sai ga Inna a bakin zaure da gari a hannuwanta, ita da ba ta fitowa inda nake tsaye.

"Malam, ko za a bari a karya tukuna? Kunu ya kusa."

"A ajiye mini."

Na ce, "Baba, in raka ka?"

"Zauna. Ka yi naka."

Da bugu takwas ɗin nan suna nan, da sun ba ta lokacin da za ta nemi wata dabara. Ni na cire su. Baba ya sa giya ya bi ta tsakanin dawa, muna jin ƙarar tana raguwa har ta ɓace. Inna ta daɗe tana kallon hanyar, sannan ta ce, ba da ni ba, "An gyara." Ta koma ciki, ba a ƙara daka a gidan ba ranar.

Da hantsi sai ga Kawu a kan keke yana gumi. Ashe tun da yamma da Inna ta ji injin ya kama ta aika masa, saƙon bai same shi ba sai da safe. Ya ga sawun taya a ƙofar gida, ya jingine keken, ya zauna a ƙasa. Nan ya faɗa mini komai, jirin, da maganar malamin asibiti, da kukan Inna, da sukurorin da ya taɓa ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya ba ni keken in bi shi.

"Ka bi shi ka ce masa me a gaban ƙanensa? Ka ce ka zo ɗaukarsa kamar yaro? Tunda ya fita lafiya, mu roƙi Allah Ya dawo da shi lafiya."

Jiya da ya kamata in ji maganarsa ban ji ba, yau da ya kamata in ƙi sai na ji. Muka wuni a gindin darbejiya. Duk babur ɗin da ya yi ƙara daga nesa sai in miƙe, kafin ya matso na san ba shi ba ne, in koma in zauna.

Bayan la'asar wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Baba yana kwance a baya a kan buhuna, babur a gefensa, gorar nono ta fashe ta jiƙa buzun. Manoma biyu ne suka rako shi, ba mu san su ba. Daga baya muka ji Baba ya isa wajen Baffa lafiya, ya wuni, a hanyar dawowa ne jirin ya same shi a wata gangara kusa da rafi, ya faɗa cikin gonar dawa. Babban cikinsu yana yi wa Kawu bayani, ina tsaye ina ji.

"Wallahi, Malam, ba don ƙarar injin ba da ba mu gan shi ba, dawa ta rufe shi ruf. Babur ɗin yana kwance amma bai mutu ba, yana ta bugawa a hankali, shi muka bi. Duk wanda ya ɗaure injin nan ya iya aiki, Allah Ya yi masa albarka."

Kawu ya dubi ƙasa. Ba wanda ya ce amin.

Muka kai shi asibiti, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bayan 'yan kwanaki suka ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Ni na ɗauki jinyarsa, ba wanda ya sa ni. Ni nake juya shi, ni nake saɓa shi in kai shi bayan gida, ni nake yi masa alwala, duk ba na iya kallon fuskarsa. Wata rana da hantsi na fito da shi inuwa na jingina shi da bango. Zan tashi sai ya kira sunana, ainihin sunana na yanka, karon farko a rayuwata. Bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar, amma na ji kowace kalma.

"Ka daina sunkuyar da kai. Na san abin da suka yi wa babur ɗin."

Na ɗago.

"Tun makon farko na sani. Abin da na hau shekara da shekaru, a canza masa murya in kasa ganewa? Innarka ce da wanta. Don ni suka yi, shi ya sa ban kunyata su ba. Kullum in fito in buga, hankalinsu ya kwanta, ni ma in ce na gwada."

"To Baba, me ya sa ni..."

"Duk wanda zan kai wa a ƙasar nan, kawunka zai riga ni zuwa. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba. Na kuma san ba za ta iya gaya maka ba. Sai na jira ka." Ya huta, yana mayar da numfashi. "Na ga shanuna. Farar nan, jikar wadda ubana ya ba ni, daga nesa na yi kira ta ɗago kai. Ba su manta ni ba." Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. "Na ɗora maka kayan da ba naka ba. Ka yafe mini."

Na ce na yafe, don ba a barin uba yana roƙo. Amma in faɗi gaskiya, ranar ban san ko na yafe ba. Haushi ya cika ni, tausayi ya cika ni, na rasa wanda zan fara haɗiyewa. Ni da na ɗauka gwanintata ya gani, ashe rashin sanina ya gani. Bai kai girbin dawa ba Allah Ya karɓi abinSa. Kawu ya tafi da babur ɗin bayan sadakar bakwai, ban taɓa tambayarsa inda ya kai shi ba.

Inna ba ta taɓa cewa laifina ne ba, da ma ba ta ce mini komai. Sai bayan ta fita takaba, wata rana ta kawo kwano ta ajiye, maimakon ta juya sai ta tsaya. Ta dubi fuskata sosai, wannan ne na farko, shi ne kuma na ƙarshe.

"Da na buɗe baki na faɗa maka."

"Kin faɗa, Inna. Ni ne ban ji ba."

Ta girgiza kai. "Da kaji na yi."

Duk sun tafi yanzu, Allah Ya jiƙan su, ni kuma na kai shekarun da Baba bai kai ba. Yanar ido ta rufe mini na hagu, hannuna yana rawa har shayi yakan zube mini a riga. Kwanakin baya saura ƙiris in yi karo da amalanke a kwanar kasuwa, na san kuma labarin ya riga ni zuwa gida, ko da yake ba wanda ya ce mini kanzil. Yau mako uku ke nan mashin ɗina, irin mai maɓallin nan da 'ya'yana suka saya mini, ya ƙi tashi. In na danna sai ya yi ƙir-ƙir ya tsaya. Babban ɗana ya ce batir ne, za a duba, Baba. Ni za a gaya wa batir? Daga ƙarar na san wayar da aka sassauta. Akwatin kayan aikina kuma wai wani ya ara, har yau ba a tuna ko wane ne ba. Ban ce komai ba. Kullum da safe ina fitowa in danna sau biyu sau uku, in ce ikon Allah, yau ma ya ƙi, in koma kan dakali. Amma raina yana can ƙauye. Ina son in ga gonar da Baba ya bar mini, in tsaya a kan kushewarsa ni kaɗai, ba tare da wani yana riƙe da gwiwar hannuna yana duba agogo ba.

Autana yana Kano, shi ya gaji hannuna, an ce ma ya fi ni. Jiya ya bugo waya ya ce zai zo ranar Juma'a.

"Baba, akwai abin da kake so in yi maka in na zo?"

Daga muryarsa na san ba a gaya masa ba. Auta ne, ba a sa shi a shawara. Na daɗe riƙe da wayar har ya ce, "Baba, kana ji na?" Na ce ina ji, babu komai, ka dai zo lafiya.

Saura kwana uku. Ban taɓa fahimtar mahaifina kamar a makon nan ba, yafiyar da na yi masa da baki a inuwar bangon nan sai yanzu ta kai zuci. Abin da nake roƙon Allah kawai, in yaron nan ya durƙusa a gabana da akwatinsa, Ya riƙe mini harshena.